Ɗauke Hannu a Ranar Laraba

Pontus Ekdal ya juya takardar goge baki ya sake rubuta lambobin a bayanta, sai ka ce in ya rubuta su karo na uku za su ji kunya su canza. Ba su canza ba. Ɗari da saba'in da biyu a wannan gefe, ɗari da saba'in da biyu a wancan.

"Kunnen doki," in ji shi. "Kin kuma san abin da ake yi wa kunnen doki. A mayar da shi kwamiti, kwamiti ya tafi hutu, a dawo a shiga zaɓe. Shi ke nan, an binne miki shi da ransa."

Majken Burvall ta dubi lambobin. Kofinta ya huce, burodin kirfar da ta saya ko gutsura ba ta yi ba. Ƙarfe takwas da rabi ne na safiyar Laraba, ɗakin shan kofi na Majalisa ya fara cika, kowa ya wuce sai ya saci kallon teburinsu. Shekara shida ke nan tana fama da ƙudurin nan, ta yi furfura a kansa, alhali duka-duka bai wuce shafi tara ba. Abin da ya ce shi ne, duk ƙasar da aka tabbatar gwamnatinta tana azabtar da fursunoni ko tana buɗe wa masu zanga-zanga wuta, a daina sayar mata da makamai, manyanta kuma a hana su shigowa, a kulle dukiyar da suka ɓoye a nan. Har zuwa ranar Litinin masu goyon bayansa suna gaba da ƙuri'a huɗu. Jiya da yamma wasu mutum biyu na wata ƙaramar jam'iyya suka sha kira daga gida, suka juya.

"Akwai ƙuri'a ɗaya da ba ta cikin lissafin nan," in ji Pontus, yana nuna ta da biro. "Taki."

"Tawa na ɗauke ta. Kai ka rubuta sunana da hannunka."

Wannan ba doka ba ce, babu littafin da za ka buɗe ka same ta a ciki. Al'ada ce kawai da 'yan majalisar Suwidin suka gada: in ciwo ko rashi ya hana wani zuwa, sai ɗaya daga cikin abokan hamayyarsa ya ɗauke hannu, ya ƙi jefa tasa ƙuri'ar, don kada a ci galabar mutum saboda yana zaune a bakin gadon asibiti. Babu rantsuwa, babu sa hannu. Masu tsawatarwa na jam'iyyu, irin su Pontus, su ke musayar sunaye ta waya, magana ta zauna. Ranar Litinin, lokacin da rata tana nan, Majken da bakinta ta ce a sa sunanta a madadin Sixten Renberg na ɗaya ɓangaren. Matarsa Birgit tana kwance a asibitin garin Umeå, can arewa nesa da Stockholm, likitoci sun daina maganar warkewa.

Pontus ya matso, ya rage murya.

"Ji nan. Ba sai kin ce wa kowa komai ba. Ƙarfe huɗu ki shigo kamar kin zo kallo, ki zauna a kujerarki, in an buga ƙararrawa ki danna kore, maɓallin e. Daƙiƙa goma sha biyar. Ni zan fita gaban 'yan jarida in ce jerin sunaye ne ya rikice, laifina ne. Su zage ni mako guda, ai na saba."

"Ƙarya za ka yi ke nan."

"Aikina ne, Majken. Naki kuma ki danna."

"Ka san Sixten kuwa?"

"Na san yana kare masu ƙera madubin bindiga Litinin zuwa Juma'a, Lahadi ya je coci ya yi waƙa."

"To ba ka san shi ba."

Ta miƙe ta bar masa burodin. Ta san zai cinye.

A zauren nan ba a zama jam'iyya-jam'iyya, lardi-lardi ake zama. Don haka shekara goma sha biyu ba kaɗan kafaɗar Majken tana gogar ta Sixten, su biyun 'yan lardin Västerbotten, ita daga bakin teku, shi daga can cikin daji inda wata masana'anta take ciyar da mutum ɗari shida da ƙera madubin saiti na motocin yaƙi. Ubansa a can ya tsufa, ƙannensa biyu suna ciki har yau. Yakan kira ta Nas, saboda shekara ashirin da shida da ta yi tana jinyar tsofaffi a garin Skellefteå kafin siyasa ta ɗauke ta. Ita kuma takan kira shi Dillali. Ba su taɓa danna maɓalli iri ɗaya a kan maganar makamai ba, amma duk ranar ƙuri'a sai ya turo mata gwangwanin alewar tarinsa ta ɗauki ɗaya. Mutum ne da ba ya ɓarnar magana. In zai ce e, iska kawai yake zuƙa ta tsakanin leɓɓa, kamar yadda mutanen can suke yi, 'yan Stockholm su yi ta waigawa suna zaton wani abu ya same shi.

Shekara huɗu da suka wuce mijinta Arne ya faɗi a bakin rumfar itace, rabin jikinsa ya mutu. Kwana tara ta yi a gefensa, kwana tara Sixten ya ɗauke mata hannu. A cikinsu jam'iyyarsa ta faɗi wata ƙuri'a a kan harajin gandun daji da tazarar mutum ɗaya, mutanensa suka yi masa ca, har wani ya kira shi mijin Majken a jarida. Bai taɓa tayar mata da zancen ba. Ita dai abin da ta sani, hannun Arne yana cikin nata lokacin da ya cika.

A ƙofar shiga ta baƙi ta tarar da Nadira a layi, da jakar goyo da idanun wanda ya kwana a zaune cikin jirgin ƙasa. Nadira mai harhaɗa magani ce a wani kemis a Skellefteå. Ita ce ta zo wa Majken a ɗakin karatu na gari shekara shida da suka wuce, ta buɗe waya ta nuna mata hoton bidiyo daga ƙasarsu: jama'a sun ɗauko gawa, wata mota mai sulke ta tare titi, ta buɗe wuta. Ta tsayar da hoton, ta ƙara masa girma da yatsu biyu, sai ga ɗan ƙaramin tambari a jikin madubin da ke saman motar, da sunan wani gari da Majken ta sha wucewa ta cikinsa a bas, garin su Sixten. A ranar aka kama ƙanen Nadira, Ziyad, malamin makaranta. Sau biyu kawai aka ji labarinsa tun daga nan. Wani sabon kayan yaƙi kuma zai tashi zuwa can a watan Oktoba, in ba a tsayar da shi yau ba.

"Na karanta a jirgi wai ba za ki jefa ƙuri'a ba," in ji Nadira bayan sun rungumi juna. "Na ce ƙarya suke yi."

Majken ta ja ta gefe ta yi mata bayani. Ta ji kanta tana jera kalmomi masu kyau, amana, mutunci, yarda da juna, tana kuma jin yadda suke faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Nadira ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"Matar tasa tana da gado?"

"Tana da shi."

"Da maganin kashe zafi? Da mai juya ta?"

"Nadira."

"Allah ya ba ta sauƙi, wallahi da gaske nake. Mu dai ba mu san ko Ziyad yana da bargo ba." Ta gyara igiyar jakarta. "Ban zo in koya muku al'adarku ba, Majken. Kyakkyawa ce. Ina ma a ce muna da irinta a can. Kawai dai a kanmu za ta ƙare."

Ta zaro gwangwanin biskit mai dabino da ta gasa da kanta ta danƙa mata, ta koma layi, don wanda ke bayanta ya riƙe mata wuri.

Majken ta hau ofishinta ta rufe ƙofa. Ta zauna, ta tashi, ta tsaya a taga tana kallon ruwa da mutanen da ke kamun kifi a kan gada kamar ba a yi komai a duniya ba. Ranta a jagule yake, tana jin haushin Pontus, da na mutum biyun da suka juya, da na kanta da ta yi saurin baki ranar Litinin. In ta cika alkawari, kayan Oktoba za su tashi. In ta danna a ɓoye, ba za ta sake iya ɗaga ido ta dubi Sixten ba, kuma kujerarsa tana manne da tata.

Akwai wani ciwo da ke damun mutanen kirki na ƙasar nan, ni ma ban tsira daga gare shi ba. Sukan so su yi abin da za su yi, amma su fito fes, kada ko mutum ɗaya ya ce sun bi ta bayan gida. In za su soke ka sai sun aiko maka da sanarwa a kan lokaci. Wajen ƙarfe goma wannan ciwo ya kawo wa Majken shawara, ta kuma ga kyanta nan take. Ba za ta yi ƙarya ba. Za ta kira shi ta gaya masa gaba da gaba cewa ta janye. Wanda aka gaya wa ai ba a ci amanarsa ba.

Sau huɗu wayar ta yi ƙara kafin ya ɗauka.

"Nas."

"Dillali. Ya mai jiki?"

"Tana barci. Tun jiya take barci. Elin ta zo da safe, ta fita neman kofi." Elin 'yarsu ce. "Sun ce ko yau, ko gobe, ko ƙarshen mako. Ba sa faɗin gaskiya, mutanen naki."

"Ba sa sani ne."

Sai ta ji. A bayan muryarsa, kusa da wayar, akwai wani numfashi mai gurgura, ya ja, ya ja, ya tsaya. Majken ta sami kanta tana ƙirgawa ba tare da ta yi niyya ba. Ta kai goma sha takwas kafin ya dawo. Ta ji irin wannan numfashi a ɗakuna fiye da yadda za ta iya tunawa, ta san ba na ƙarshen mako ba ne, ba ma na gobe ba ne. Abin da ya fara zuwa mata, kuma za ta daɗe tana jin kunyarsa, shi ne sauƙi. Babu mutumin da zai bar wannan ɗakin yau.

"Sixten, magana ce da ni, ba mai daɗi ba. Lissafi ya canza. In na ɗauke hannu ƙudurin ya mutu. Ba zan iya ba. Zan jefa ƙuri'a ƙarfe huɗu. Ban so ka ji a bakin wani ba."

Numfashin ya ja, ya tsaya.

"Kin janye ke nan."

"Na janye."

Ya zuƙi iska ta tsakanin leɓɓa.

"Ka ce wani abu mana. Ka zage ni in za ka zage ni."

"Me zan ce? Kin gaya mini. Wani da bai gaya mini ba." Ya yi gyaran murya. "Na gode da kika kira."

Ya kashe. Majken ta ajiye wayar, ta buɗe gwangwanin Nadira ta ci biskit biyu a tsaye. Ta ji kamar an sauke mata kaya.

Ta sami Pontus a baranda yana waya biyu lokaci guda. Da ta gaya masa sai ya kashe dukkansu.

"Kin kira shi?"

"Na kira shi."

"Kika gaya masa lokaci da komai? Ba ki aika masa da mota ba?" Ya dafe goshi. "Majken, ke wace irin mutum ce? Na ba ki hanya shimfiɗaɗɗiya, kika je kika buga ƙararrawa a ƙofar mutane. Yanzu zai gaya wa nasa mai tsawatarwar."

"Ya gaya masa. Ba su da wani da za su kawo, duk wanda ke da ƙafa yana nan."

"Shi fa?"

"Ba zai zo ba."

"Ta ina kika sani?"

"Na ji numfashinta."

Pontus ya dube ta ya daɗe. Shi ba mutum ne mai yawan kunya ba, amma a nan ya kau da kai.

"To," in ji shi. "Ke ce nas."

Taron kwamiti ya ci mata awa biyu, ba ta san me aka tattauna ba. Sai da ta zauna gaban farantin kifi da dankali a ɗakin cin abinci, cokali a hannu, maganar Pontus ta dawo mata ta wata fuska. Ita ce nas. Sixten ba nas ba ne. Mai sayar da injin yankan katako ne kafin ya zama ɗan majalisa. Shi abin da ya ji a ɗakin nan barci ne, barci mai minshari, kuma likita ya ce masa wataƙila ƙarshen mako. Mutum ne da bai taɓa fashin ƙuri'a ba sai in an ɗauke masa hannu, mutumin da ya tsaya a ƙofar masana'anta cikin dusar ƙanƙara ya yi wa mutum ɗari shida alkawarin cewa muddin yana numfashi jan maɓalli zai danna. Ita ta ji, ta gane, ta ɗauka shi ma ya gane. Ko kuwa ba ta ɗauka ba, ta dai ƙi tambayar kanta.

Ta zaro waya ta duba jiragen Umeå. Akwai na sha biyu da minti talatin da biyar. Yanzu ɗaya saura minti goma.

Ta kira shi, waya a kashe. Ta sake kira. Ta ce wa kanta ai a ɗakin marar lafiya yake, kowa yakan kashe waya. Ba ta da lambar Elin. Ta rubuta masa abin da ya kamata ta faɗa tun ƙarfe goma: Kada ka motsa daga gefenta. Yau ne. Ta aika, ta zauna tana kallon saƙon, bai nuna ya isa ba. Mai kwashe faranti ta zo ta tambaye ta ko kifin ne bai yi ba.

Awa ukun da suka biyo baya ta yi su ne tana tafiya daga wannan baranda zuwa waccan. Mutane suna tare ta, wasu su matse mata hannu, wasu na can ɓangaren su wuce ba gaisuwa, don labari ya riga ya zaga. Wata tsohuwar 'yar majalisa daga jam'iyyar Sixten ta tsaya a gabanta ta ce, "Ranar da naki zai kwanta, wa zai ɗauke miki?" sannan ta tuna cewa nata ya riga ya kwanta, da wanda ya ɗauke mata, ta yi tsaki ta wuce. Majken ba ta ji zafin wannan ba. Abu ɗaya take roƙo, ita da rabonta da coci tun jana'izar Arne: a ce kujerar nan ta zauna babu kowa.

Huɗu saura minti goma ta shiga zaure ta zauna. Kujerar Sixten babu kowa. A sama, a wurin baƙi, ta hango Nadira a layin gaba, ta ɗora hannu biyu a kan gwiwoyinta. Saura minti bakwai. Saura biyar. Pontus ya waigo daga kujerun Stockholm ya ɗaga mata gira. Kakakin Majalisa ya shigo, ana ta gyara zama, ana kashe wayoyi. Majken ta fara jin numfashinta yana daidaita.

Sai ta ji wani sauti a bayanta, wani ƙaramas-ƙaramas a kan darduma, yana saukowa matakala ɗaya bayan ɗaya.

Sixten Renberg ne, cikin rigar sanyi ta gida mai gwiwar hannu a toshe, babu kwat, babu laktaye a wuya, gemun kwana uku a fuskarsa. A ƙafafunsa akwai shuɗiyar ledar nan da ake sawa a kan takalmi a ƙofar asibiti don kada a shigar da ƙasa. Ya taho da ita tun daga Umeå, ta tasi, ta jirgin sama, ta jirgin ƙasa, ta tsakiyar Stockholm, babu wanda ya ce masa komai, don mu nan gara mu bar mutum ya zaga gari da leda a ƙafa da mu sa baki a abin da ba namu ba. Mutanensa suka fara buga tebur a hankali, ya ɗaga hannu suka daina. Ya raɓa ta gabanta ya zauna. Warin sabulun asibiti ya biyo shi.

"Sixten," ta ce da raɗa. "Birgit fa?"

"Bari a gama."

Bai turo mata gwangwanin alewa ba.

Kakaki ya karanto ƙudurin, ya ce masu goyon baya su danna e, masu adawa su danna a'a. Ƙararrawa ta buga. Majken ta dubi maɓallan uku da ke gabanta kamar yau ta fara ganinsu. A gefenta babban yatsan Sixten ya sauka a kan ja ba tare da jinkiri ba. Ta ɗaga ido sama, Nadira tana kallonta. Ta danna kore. Ƙararrawa ta sake bugawa, fitilu suka cika allo, sannan lambobi suka fito.

Ɗari da saba'in da uku. Ɗari da saba'in da uku.

Zauren ya yi wani irin gunaguni. Kakaki ya ce tun da an yi kunnen doki, yana neman a mayar da batun kwamiti, aka amince, ya buga guduma. Duka abin bai kai minti uku ba. Pontus bai waigo ba. A sama Nadira ta miƙe, ta sa rigar sanyinta, ta ɓalla maɓallanta ɗaya bayan ɗaya har wuya, ta ɗauki jakarta ta fita ba tare da ta sake duban ƙasa ba.

"Ɗaya da kwata ta cika," in ji Sixten. Allo yake kallo, ba ita ba. "Ina cikin jirgin sama a lokacin. Elin tana wurin. Ta ce ba ta farka ba."

Majken ta juyo ta dube shi.

"Na sumbace ta na ce mata zan dawo kafin tara. Na ɗauka barci take yi." Ya shafa gemunsa. "Da na sauka na kunna waya na ga saƙon Elin. Naki yana ƙarƙashinsa."

"Me ya sa ba ka juya ba?"

"Jirgin komawa sai shida. Na riga na zo."

"Na ji ta a waya, Sixten. Tun ƙarfe goma na ji. Na sani, ban gaya maka ba."

Ya zuƙi iska ta tsakanin leɓɓa. Sai a lokacin ya juyo ya dube ta, idanunsa jajur, amma babu faɗa a cikinsu, abin da ya fi komai yi mata ciwo ke nan.

"Da kin danna abinki kawai, Nas. Da na ji a rediyo gobe, in yi fushi da ke shekara guda, in huce."

Kakaki ya riga ya shiga batu na gaba, wani abu a kan lasisin kamun kifi a tafkuna. Ƙararrawa ta buga, hannaye ɗari uku da wani abu suka miƙa gaba. Sixten ya danna nasa. Majken ba ta ga maɓallan ba, hawaye sun rufe mata ido. Ta sunkuyar da kai don kada kyamara ta ɗauke ta, sai idonta ya faɗa kan ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur. Ledar ta yage a diddige, ta yi baƙi da ƙurar titi. Hannunta ya tafi da kansa, irin na wadda ta shekara ashirin da shida tana cire wa mutane takalmi.

"Ka manta da waɗannan," ta ce.

Ya leƙa ya dube su, ya daɗe yana kallo. Sannan ya janye ƙafarsa a hankali daga hannunta.

"Bar su," in ji shi. "Da su zan koma."